Haƙoran 'Yan Bida: Tafiya Daga Madawa Zuwa Tawa Ta Babankatami

Wanda ya taso daga Birnin Ƙonni ya miƙi kwalta zuwa gabas, tun kafin ya ga allon Galmi hancinsa zai shaida masa ya shigo ƙasar albasa. Ga buhuna jibge a bakin hanya, ga manyan motoci na lodi zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Daga nan Madawa ba nisa, garin tabarmin kaba, inda hanya ke rabuwa: babbar ta wuce Maraɗi, ƙaramar ta yi arewa, ta hau duwatsun Adar zuwa Buza da Keita har ta faɗa Tawa. Ƙaramar matafiyin ya bi, da niyyar ratsewa Babankatami, yana ɗauke da tambaya guda: idan ɗan wannan ƙasa ya rasu inda ba a san shi ba, wuta ko ruwa ko rana ta ɓata kamanninsa, da me za a gane shi?

Adarawa sun san nauyin wannan tambaya. Da an kai gero rumbu, samari da magidanta sai su ɗaura kayan bida. Wasu su yi Najeriya, wasu Kodebuwa, wasu su bi Agadas su tsallaka Libiya ko Aljeriya. Yawancinsu kan dawo kafin shuka, ko su riƙa aiko da kuɗi. Akwai kuma waɗanda wayarsu kan mutu rana ɗaya, daga nan shiru. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. A inda aka same su aka rufe su.

A motar Buza matafiyin ya zauna kusa da wata dattijuwa mai zuwa duba 'yarta, wadda mijinta ya tafi Libiya shekarun baya, labarinsa ya yanke. Ba a yi zaman makoki ba, don ba wanda ya ga gawa. Yarinyar ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da halin yin wani aure. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takabar wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai an kai lokacin da ake jin irinsa ba ya raye. Gona, tumaki, marayu, igiyar aure, duk suna rataye a kan shaidar da babu. Gane gawa a nan haƙƙin rayayyu ne kafin ya zama aikin 'yan sanda.

Hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta yarda da hanyoyi uku da kowace ke iya tabbatar da sunan mamaci ita kaɗai: zanen yatsa, ƙwayar halitta ta DNA, da haƙora. Zanen yatsa kan tafi da zarar fata ta ruɓe ko ta ƙone. Gwajin DNA na da tsada, yana kuma bukatar ɗakin bincike da samfur daga dangi. Haƙori ne ke jure abin da sauran jiki ba ya jurewa. Farin ɓawon da ke lulluɓe da shi ya fi kome tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Leɓɓa da kumatu da harshe kan kare turame daga wuta, saiwa kuma na binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Baligi na da haƙora 32, kowanne da fuska biyar, fuskoki 160 ke nan da za su iya ɗaukar rami ko ciko ko karaya. Da wuya a sami mutum biyu da suka yi daidai a duka.

Ido na ganin abin da ya fito sarari ne kawai. Hoton radiyo, wanda ake ce wa eksire a Najeriya, shi ke nuna na ɓoye: lanƙwasar saiwa, faɗin kogon jijiya, haƙorin da ya maƙale bai fito ba, guntun saiwar da ya rage bayan cira, da siffar cikon ƙarfe da kan fito fari fat a jikin hoto. Likita kan ɗauko hoton da aka yi wa mutum yana raye, ya ɗauki na gawa daga kusurwa iri ɗaya, ya jera su yana bin haƙori ɗaya bayan ɗaya. Bambancin da lokaci zai iya kawowa ba ya hana a ce shi ne, misali haƙorin da ke nan a tsohon hoto amma babu shi a sabo, tunda mai yiwuwa an cire shi daga baya. Amma in an cire turmi yana raye, sai ga shi a bakin gawa, to magana ta ƙare, ba shi ba ne.

Buza na zaune a kan tudu, ƙasa da ita kwarin Magiya, inda tun 1975 ƙungiyar CARE da manoma suka fara dasa layukan bedi don karya iska. A ranar kasuwa matafiyin ya tsaya wurin wani wanzami da ya baje zabirarsa a inuwa. Wani magidanci ya durƙusa gabansa, kumatu a kumbure, ya ɗaure kai da rawani. Wanzamin ya ce masa ya buɗe baki, ya taɓa turmin da yatsa, ya ɗauko 'yar awartaki, ya dafe masa goshi da hannun hagu. Kafin mutane su gama cewa sannu, haƙorin na ƙasa, an miƙa wa mai shi ruwan gishiri ya kurkure. Ya biya, ya yi godiya, ya koma wajen awakinsa. Ciwo ya tafi, amma babu takardar da ta rubuta cewa wane ɗan wane ya rasa turmin ƙasa na dama. Likitocin haƙori a Nijar ƙalilan ne, akasarinsu a Yamai da manyan birane, don haka bakin yawancin mutanen karkara bai taɓa shiga rajista ko hoto ba.

A Turai ma da rubutun likita aikin ya fara, kafin hoto. Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama a garin Würzburg na Jamus ranar 8 ga Nuwamba 1895, kuma cikin 'yan makonni likitan haƙori Otto Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoran kansa, ya yi minti 25 yana jiran hoton ya kama. Ranar 4 ga Mayu 1897 gobara ta tashi a wata kasuwar sadaka a birnin Paris, Bazar de la Charité, ta kashe mutum fiye da 120, yawancinsu matan manyan gari. Gawarwakin da dangi suka kasa ganewa, likitocin haƙoransu aka kira da littattafansu, a haka aka gane gimbiyar Alençon. Shekara guda bayan nan Oscar Amoëdo, ɗan asalin Kuba mai koyarwa a Paris, ya wallafa littafin da ake ɗauka tushen wannan fanni. A 1949, da jirgin ruwan Noronic ya ƙone a tashar Toronto ta Kanada, aka yi aiki da hotunan radiyo wajen gane gawarwaki masu yawa a lokaci guda. Bayan ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, haƙora ne suka bayyana akasarin Turawa 'yan yawon buɗe ido da aka fara ganewa a Tailan, saboda likitocinsu na gida sun aiko da hotuna. 'Yan ƙasar da ba su da irin wannan ajiya, sai aka koma ga zanen yatsa da DNA.

Daga Buza hanyar Babankatami ta yi gabas, wajen ƙasar Dakwaro. Kwalta ta ƙare, sai burji da rairayi, kabu-kabu na kauce wa amalanken shanu. Garuruwan na da rumbunan laka masu ƙaton ciki, har wani ya fi ɗakin mai shi girma. Babankatami hedikwatar kwamin ce ta karkara a gundumar Buza, ƙasar gero da wake da kiwo, inda Hausawa ke cuɗanya da Buzaye da Fulani.

Da la'asar matafiyin ya zauna majalisar dattawa a ƙofar wani gida. Da ya gaida babbansu, ya ce Baba Alhaji ina gajiya, tsohon ya yi murmushi, haƙorin Makka ya haska a gefen bakinsa. Hira ta gangaro kan haƙora, sai ga kowa da abin faɗa. Wannan ya san ɗansa na da wushirya. Wancan ya tuna ranar da jaki ya harbi ƙanensa ya ɓalle masa rabin haƙorin gaba. Wani ya ce nasa yaron fiƙarsa ta hau kan 'yar'uwarta tun yana ƙarami. An san mai jan baki don goro, an san wanda giɓinsa ke hagu. Duk waɗannan bayanai ne da masu binciken gawa ke nema. Interpol na da takarda ruwan ɗorawa da ake cikewa daga bakin dangi, da wata ruwan hoda da ake cikewa a kan gawa, sannan a gwama su. Ilimin na nan a ƙwaƙwalwar iyaye da matan aure, ba a dai taɓa zuwa an tambaye su an rubuta ba.

Haƙorin ƙarfe na da daraja ta musamman a wannan aiki, don yana jure zafin da ke farfasa haƙorin asali, kuma a hoto ba ya ɓuya. Afirka ta ga misalinsa. Bayan kashe Patrice Lumumba a Katanga a Janairun 1961 an narkar da gawarsa, abin da ya rage shi ne haƙori guda mai rufin zinariya da wani ɗan sandan Beljiyam ya ɓoye. Sai a Yunin 2022 aka miƙa shi ga iyalinsa, aka kai shi Kinshasa aka yi masa jana'iza.

Haƙori kan faɗi har ruwan da mutum ya sha yana yaro. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatsen da aka fara sha a 1985 ya kasance ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da ninki uku na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Dubban yara suka tashi da haƙora masu dabbare-dabbaren ja, wasu ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Irin wannan tabo ba ya gogewa, kuma mai bincike da ya gan shi a bakin gawa ya sami alamar yankin da zai fara tambaya.

Akwai wani aikin da hoton haƙori ke yi, wanda ya shafi 'yan bida suna da ransu. Dattawa da yawa a wannan yanki katinsu na ɗauke da kalmomin Faransanci "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza, kuma har yau ana samun yaran da sai za su shiga lakwal ake nema musu takardar haihuwa a kotu. Haƙora kuwa na da jadawalinsu. Na nono 20 ne, na farko kan tsiro wajen wata shida. Wajen shekara shida yaro kan fara famfara, turmin farko na dindindin ya fito. Na biyu sai wajen shekara 12. Na ƙarshe yakan leƙo tsakanin 17 da 20 da 'yan kai. A 1973 Arto Demirjian da abokan aikinsa a Montreal suka kasa girman haƙori mataki takwas, daga tohon kai zuwa rufewar bakin saiwa, ana karanta su a hoton da ke zagaye muƙamuƙi gaba ɗaya. Ga ƙananan yara lissafin kan zo kusa, kuskuren bai cika wuce shekara guda ba.

Matsala na wajen shekara 18, iyakar da hukumomin Turai ke so a yanke musu kan 'yan bidar da suka isa can ba takarda, don wanda bai kai ba doka ta ce a ba shi masauki da makaranta. A wannan lokaci turmin ƙarshe kaɗai ya rage yana girma, shi ne kuwa mafi rashin tabbas. Wani nasa ya kammala yana da 17, wani sai ya wuce 22, wani ma ba a halicce shi da shi ba. Ma'aunan farko a kan yaran Turawa aka gina su, alhali binciken da aka yi a Afirka ta Kudu da Landan ya nuna na baƙar fata kan riga na Turawa nuna. Yaron Adar mai shekara 16 na iya shiga na'ura ya fito an rubuta masa 19. A 2017 Suwidin ta fara haɗa hoton turmin ƙarshe da na gwiwa. A Faransa, majalisar kare tsarin mulki ta amince da gwajin shekaru ta hoton ƙashi a Maris 2019, da sharaɗin a bayyana girman kuskurensa, kada a dogara da shi kaɗai, kuma shakka ta amfani yaron. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Birtaniya kuwa ta ƙi shi, tana cewa bai dace a haska wa yaro radiyo ba tare da dalilin magani ba.

Daga Babankatami matafiyin ya kama hanyar Keita, wadda ta ratsa tsaunuka masu jan dutse. Tun 1984 aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ya sa dubban mutane, akasari mata, suka yi ta dakon duwatsu a ka suna gina shingayen tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. A cikin waɗannan duwatsu ana tsintar ɓawon dodon-koɗi da ya daskare, shaidar cewa teku ta taɓa kwanciya a Adar. Can arewa maso gabas, a Gobero cikin Tenere, ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a 2000, mai kaburbura kusan 200. A ɗaya an sami mace da yara biyu rungume da juna, an rufe su kimanin shekara 5,000 da suka wuce, kuma an ƙiyasta yaran na da shekara biyar da takwas. Irin wannan ƙiyasi da tohon haƙora ake yin sa.

A wannan Tenere ne kuma jirgin kamfanin UTA ƙirar DC-10 ya tarwatse ranar 19 ga Satumba 1989, bam ya tashi a cikinsa bayan ya bar Njamena zai je Paris. Mutum 170 suka mutu. An kwashi gawarwakin zuwa Faransa, likitocin haƙori suka shiga aikin gane su, an gane da yawa, wasu kuma ba a gane ba. A 2007 iyalan mamatan tare da mutanen yankin suka jera baƙaƙen duwatsu a rairayi da siffar jirgin, suka kewaye shi da fasassun madubai 170.

Matafiyin ya iso Tawa yana lissafa irin waɗannan masifu na kusa. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 tankar mai ta kama wuta kusa da filin jirgin Yamai, ta ci mutum fiye da 50 nan take. A Oktoban 2024 wata ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasu. A irin waɗannan lokuta kabari ɗaya ake haƙa wa waɗanda wuta ta ɓata. Legas ta gwada wata hanya bayan faɗuwar jirgin Dana ranar 3 ga Yuni 2012, inda duk mutum 153 da ke ciki suka rasu. Ayarin Farfesa John Obafunwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas ya duba haƙoran gawarwakin, ya ɗauki hotuna da samfurin DNA. An gane kusan duka, amma kaɗan ne ta hanyar haƙora, domin ko a cikin masu hawa jirgi ba kowa ke da hoton da likita ya ajiye ba.

Musulmi na gaggauta suturta mamaci, ba sa kuma son a yanka gawa. Hoto ya dace da duka biyun. Akwai na'urar radiyon haƙori ta hannu mai aiki da batir, wadda ke tura hoto kwamfuta cikin daƙiƙoƙi. Babbar na'urar hoto ta sikana kuma na ɗaukar kai gaba ɗaya gawa na cikin jakarta, daga baya a zauna a juya hoton ta kowace fuska, dabarar da Jami'ar Bern ta Suwizalan ta bunƙasa tun wajen 2000. Haƙorin da ya ƙone yakan marmashe da an taɓa shi, don haka ake so a fara da hoto. In an yi wannan, an kuma sa wa kowace gawa lamba da alamar inda aka kwantar da ita, ana iya sallatarta a rufe ta a ranar, suna ya biyo baya ko da bayan shekaru.

Haka ake yi a Italiya. Jirgin ruwan da ya nutse daura da Libiya ranar 18 ga Afrilu 2015 da ɗaruruwan 'yan Afirka a ciki, an ciro shi daga ƙasan teku a 2016, ayarin Farfesa Cristina Cattaneo ta Jami'ar Milan ya bi gawarwakin ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai yaro ɗan Mali mai kimanin shekara 14, da takardar sakamakon makarantarsa ɗinke cikin rigarsa. Bayanan gawarwakin na ajiye, abin da ya yi ƙaranci shi ne na dangi, shi ya sa ƙungiyar Red Cross ta bi ƙauyuka a Afirka ta Yamma tana tattarawa.

Wannan ɓangaren ba ya jiran sikana ta iso Babankatami. Kusan duk mai shirin bida na da waya, ko abokinsa na da ita. Hoto uku sun isa a bar wa gida: ɗaya yana dariya haƙora a waje, ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa baki a buɗe. Masana na amfani da hoton murmushi su gwada layin haƙoran gaba da na gawa, ko da shi kaɗai bai kai ƙarfin radiyo ba. Wanda asibiti ya taɓa yi wa hoton haƙori ko na kai, ya karɓi nasa ya ajiye tare da takardun gona. Ma'aikacin likitar kwamin da ya cire haƙori ya rubuta wanne ne, da sunan mai shi da na mahaifinsa. Iyalan da nasu ya riga ya ɓace kuwa, ƙungiyar Red Cross ta Nijar, wato Kuruwa Ruj, na da sashen sada dangi da ke karɓar cigiya kyauta, kuma in za su je su tafi da duk hoton da ke hannunsu, tare da mutumin gidan da ya fi kowa sanin bakin wanda ake nema.